Damin Iri da Minda Biyu

Tun kafin a haife ni mindar take cikin wani tsohon gwangwanin shayi a ɗakin babana. Minda ita ce lambar yabon nan ta ƙarfe da Turawa suke rataya wa mutum a wuya. Tamu ta tagulla ce, ba ta cika tafin hannu ba, gefe ɗaya da zanen garma, ɗaya gefen rubutun Turanci da ya fara gogewa. Kakana Uzairu ne ya samo ta a nunin amfanin gona da aka yi a Katsina zamanin En'e, saura 'yan shekaru Turawa su tafi.

A ƙauyenmu, yamma da Karare, maza da alfahari suke ba da labarin. Wai malamin gona ya zo a kan keke ya ce Baturen gona yana son kowane gari ya kawo abin da ya fi kyau, gyaɗa da auduga da bijimai, har da kaji da fatu. Aka kafa rumfunan zana, aka jera kaya, Bature yana bi da littafi a hannu, yana murza gyaɗa yana shinshinawa. Gyaɗa da auduga ne damuwarsa, don su ne ke hawa jirgin ƙasa. Gero cikon wuri ne kawai. Amma da ya zo kan damin kakana sai ya ja ya tsaya. Geron gidanmu ne, Kamu-biyu muke ce masa, saboda zangarniya ɗaya in ka auna ta daga gwiwar hannu zuwa yatsa sai ka yi sau biyu. Yana nuna kafin ruwa ya ɗauke, yana shekara biyar a rumbu ƙwaro bai taɓa shi ba. Bature ya auna, ya sake aunawa, ya kira 'yan uwansa su gani. Aka rataya wa kakana minda, aka buga ganga. A nan maza suke tsayawa.

Kakata Uwani ce ta ƙarasa min sauran, wata rana tana kaɗi ina zaune kusa da ita.

Duk manomi ya san yadda ake yi. Kafin girbi kana shiga gona ka zaɓi zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ka yanke ta daban, ka ɗaure ta daban. Shi ne damin iri. Ba a cinsa, ba a kai shi kasuwa, komai tsananin yunwa. To da aka ce a kawo wanda ya fi kyau, me kakana zai ɗauka in ba damin iri ba?

Kaka ta ce, "Bature ya ce kai, wannan gero da kyau yake. Tafinta ya faɗa wa kakanka. Shi ko sai ya durƙusa ya ce, naka ne, ranka ya daɗe."

Na ce, "To ai haka ake cewa, Kaka."

"Haka ake cewa ga wanda ya san amsa. In babba ya yaba abinka ka ce nasa ne, shi kuma ya ce na karɓa, na bar maka, Allah ya sa albarka. Kowa ya tashi da mutuncinsa da kayansa. Shi jan kunnen nan a ina ya san wannan? Ya sa ɗan doka ya ɗora dami a mota. Kakanka ya dawo min da ƙarfe a wuya, yana washe baki."

Shekarar nan irin kasuwa suka shuka. Ruwa ya ɗauke gero bai nuna ba. Tafasa suka ci har ta ƙare a jeji, kuma a shekarar Kaka ta binne ɗiyarta ta fari. Kamu-biyu ya dawo gidanmu ne ta rugar Fulanin da ke bayan rafi. Da daɗewa kakana ya taɓa ba wani Bafulatani maƙwabcinsa 'yan zangarniya ya gwada. Shi ne da ya ji abin da ya faru ya kawo guda bakwai a ƙarƙashin hammata, ya ajiye a zaure ya tafi.

Tun daga ranar na ɗauki kakana sakarai, Allah ya jiƙansa. Na sha faɗa a majalisa cewa ni Maude, ko waye ya yaba abina, na gode kawai zai ji. An san ni da haka. Ba na ɓoye magana, ba na durƙusa wa kowa in ba a sallah ba.

Jikan Bafulatanin nan, Haliru, tare muka tashi. Shi yana ce min Kaɗo, ni ina ce masa ɗan nagge. Da rani shanunsa a gonata suke kwana su bar min taki, da kaka in aika masa hatsi. Shekara uku da suka wuce ɓarayin daji suka shigo ƙauyenmu da rana tsaka, suka kashe mutum shida, suka kore dabbobi. Kwana biyu bayan nan samarin gari suka ce rugar bayan rafi ce take ba ɓarayin labari, suka tafi da fetur. Na bi su. Ban kunna wuta ba. Na san an kore wa Haliru nasa shanun tun kafin namu, amma ban faɗa ba. Aka ƙone rugar, Fulanin suka watse, na ji an ce Haliru ya yi Safana. Ba a yi wata biyu ba mu ma muka watse, don ɓarayin sun dawo. Na fito da matata Talatu da yara da gwangwanin shayin nan, da damin iri a kaina.

A Batsari ɗaki ɗaya muka samu, a gidan da ke da tsakar gida ta siminti da awaki fiye da goma. Damina biyu ban shuka ba. Duk wani fili da ke kusa da gari yana da mai shi, na nesa kuma in ka je ba lalle ka dawo ba. Na gwada zuba 'yan ƙwayoyi a bayan katanga, awaki suka cinye tun bai kai gwiwa ba. Damin yana cikin buhu da toka da ganyen bedi, wato darbejiya, rataye a saman gadonmu. Iri kuwa in ya wuce shekara uku cikinsa mutuwa yake yi. Daminar da ke tafe ita ce ta ƙarshe: ko in samu ƙasa in zuba shi, ko Kamu-biyu ya ƙare a hannuna.

Bayan an gama kaka sai ga Almustapha. Sa'ana ne, tare muka yi aji biyu a firamare, ni na gudu shi ya zarce, yanzu yana aiki da wani kamfanin taki da iri. Ya zo da farar mota ya tsaya a ƙofar gida.

"Maude mai kan dutse! Kana nan kana gadin buhu?"

"Ina nan. Kai kuma kana nan kana sayar wa mutane irin da ba ya haihuwa sau biyu?"

Ya yi dariya, muka gaisa, ya tambayi iyali da zaman baƙunta. Sannan ya ce kamfaninsu zai yi nunin amfanin gona a filin makaranta, irin na da. Ya ce suna da gona mai shinge a bakin gari, da masu gadi, kuma duk wanda ya zo na ɗaya a hatsi za a yanka masa fili a ciki ya noma damina uku.

Na ce, "Gerona ba na bana ba ne."

"Wa zai tambaye ka? Ka kakkaɓe tokar kawai. Sai dai dami cikakke ake so, ba a karɓar tsiraru. Kuma ka zo da mindar tsoho. Tarihi ne, Alhaji mai kamfani yana son irin waɗannan abubuwa."

"Ka san abin da tarihin ya jawo mana?"

"Na sani mana. Ai kai ba kakanka ba ne."

Wannan maganar ce ta kama ni. Da ya tafi na sauke buhun na kwance. Zangarniya arba'in da 'yan kai ne, da ƙyar suka yi dami. Talatu tana tsince wake a bakin ƙofa tana kallona.

Ta ce, "Malam, cire biyar ka bar min a nan."

"In na cire biyar ya zama tsintsiya. Su ce bai cika ba, in rasa filin."

"Cire uku to."

"Ko ɗaya. Da hannuna zan kai shi, da hannuna zan dawo da shi. A kansa zan wuni."

"Uku fa na ce. Wa zai ƙirga?"

"Talatu, kada ki taɓa min dami. Na gama magana."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Allah ya kai ka lafiya, jikan Uzairu."

Ranar nuni na saka wankakkiyar rigata, na ɗaura wa mindar sabon zare na rataya. Filin ya cika. Rumfunan ba na zana ba ne, na tamfol ne masu hoton buhun taki. Ga masara, ga dawa, ga kabewa kamar tulu, ga wani rago da ba ya iya tashi don ƙiba. Amma kaya ba yawa. Rabin mutanen da ke yawo a wurin irina ne, manoman da ba su da gona, sun zo kallon abin da wasu suka noma.

Na ajiye damina a kan tabarma na zauna a gefensa, hannuna ɗaya a kan igiyar. Mutane suka taru. Tsofaffi suna cewa rabonsu da ganin zangarniya haka tun suna samari. Wani ya miƙo hannu zai murza, na buge hannun. Aka kawo shinkafa a leda ana rabawa can gefe, ban tashi ba. Azahar ma a wurin na yi ta, dami a gabana.

Alƙalai uku suka zo. Cikinsu akwai wani dattijo mai tabarau da aka ce malamin jami'a ne. Ya auna da tef, ya sake aunawa, ya tambaye ni kwana nawa yake nuna, ya rubuta. Sannan ya rage murya.

"Malam, don Allah ka ba ni zangarniya ɗaya. Muna da wurin ajiyar iri, ba zai ɓata ba."

Na ce, "Ko ƙwaya ɗaya."

"Rabi ma ya isa."

"An taɓa yi mana. Ba za a sake ba."

Ya dube ni, ya dubi mindar da ke ƙirjina, ya gyaɗa kai ya wuce. Na ji daɗin kaina ƙwarai a lokacin.

Bayan la'asar jerin motoci suka shigo. Alhaji mai kamfani ya fito cikin farar shadda, ƙanshin turarensa ya riga shi isowa. Aka yi jawabai. Sai na ji lasifika ta kira sunana. Mai sanarwa ya ce na ɗaya a hatsi shi ne Malam Maude, jikan Uzairu, wanda kakansa ya ci wannan gasa tun zamanin Turawa, har Bature ya cire hula. Ya ba da labarin irin na maza, ya ƙara gishiri, ya tsaya inda suke tsayawa. Fili ya ɗauki tafi.

Zan faɗi gaskiya. Shekara uku ba wanda ya kira ni da sunana a gaban jama'a. Ɗan gudun hijira ake ce min. Na bi layin shinkafa, yaron da bai wuce sa'ar ɗana ba ya daka min tsawa in matsa baya. Ranar nan sai ga sunana da na kakana suna fita daga lasifika har kasuwa. Na ji wani abu ya kwance a ƙirjina.

Na ƙi zuwa kan dandamali in bar damin, don haka Alhaji da kansa ya tako har tabarmata, masu hoto suna biye. Ya rataya min sabuwar minda mai ruwan zinariya a kan ta kakana. Ya sunkuya ya shafa zangarniya ɗaya tun daga gindi har ƙarshe.

Ya ce, "Kai! Tun ina yaro a gidan kakannina rabona da ganin irin wannan. Malam, geron nan da kyau yake."

Sai na ji gwiwata ta taɓa ƙasa. Na ji bakina ya ce, "Naka ne, ranka ya daɗe."

Ban shirya faɗa ba. Haka na ji babana yana faɗa wa dagaci, haka kowa yake faɗa, a cikin baki take tun kafin mutum ya yi wayo. Na ɗaga kai ina jiran amsa. Bahaushe ne, ɗan Hausawa, ya san abin da ake cewa.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ta, ya ce, "Madalla, madalla, na gode ƙwarai," ya kara ta a kunne ya juya. Wani ƙato mai baƙin tabarau ya sunkuya ya zare igiyar daga ƙarƙashin hannuna. Kafin in miƙe lasifika ta ce, "Jama'a, kun ga karamci! Malam Maude ya ba Alhaji kyautar daminsa sukutum! A tafa masa!"

Aka tafa. Ina tsaye da minda biyu a wuya ina kallon bayan mota ya rufe a kan Kamu-biyu. Mutum ya yi kyauta a gaban ɗaruruwan jama'a, sannan ya bi mota da gudu yana cewa a dawo masa da ita? Ƙafata ta ƙi ɗagawa. Har yau ina tambayar kaina me kunyar ta tsinana min.

Na kama rigar Almustapha a bayan rumfa.

"Ka dawo min da damina."

"Kai fa ka bayar! Ina tsaye ina ji. Na ɗauka ma dabara ce, don a ƙara maka fili."

"Ka san ba haka ake nufi ba. Shi ma ya sani."

"Ya sani a da. Mutumin da ake ba shi raguna da dawakai kullum, ka ce ya tuna amsar dami? Sake min riga, zan buga waya."

Da na shiga gida Talatu ta dubi wuyana, ta dubi hannuna. Na zauna a bakin gado na daɗe, sannan na tambaye ta a hankali.

"Kin cire ko ɗaya?"

"Ka ce kada in taɓa."

"Na sani. Amma ko kin cire?"

"Shekara ashirin da shida ina bin maganarka, Malam. Yau ne kake so a ce na saɓa?"

Na zazzage buhun a kan faifai. Toka ce da ganyen bedi da ƙwayoyin da ba su cika cokali ba, su ma duk ƙwaro ya huda su, don waɗanda suka zube ne tun shekarar farko.

Kwana tara Almustapha yana buga waya. Yau Alhaji ya yi tafiya, gobe mai riƙe da makulli ba ya nan. Rana ta goma ya samu direban Alhaji, ya sa wayar a fili ina ji. Direban ya ce, ai geron nan, an kai gidan gona. Alhaji yana kiwon ɗawisu da talo-talo, sun ji daɗinsa sosai, ko akwai saura a kawo?

Filin kuwa an ba ni. Ba su yi ƙarya ba. Ƙasa mai kyau, jigawa, kusa da shinge. Aka haɗa min da ledar irin kamfani kyauta. Na je na tsaya a tsakiyarsa ina kallo. Shekara uku ina da iri ba ƙasa.

Sai da hadari ya fara haɗuwa a gabas sannan na iya tilasta wa kaina hawa mota zuwa Safana. Na yi tambaya a kasuwar dabbobi, aka nuna min wani kango a bayan gari, gidan wani da bai gama gini ba. Haliru yake gadi. Na same shi yana ɗaure harawa. Ba saniya ko ɗaya, sai tumaki huɗu, su ma daga gani na mutane ne. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat.

Na yi sallama. Ya amsa, ya shimfiɗa min buhu.

"Sannu da zuwa, Malam Maude. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya iyali?"

"Lafiya lau. Ya naka iyalin? Ya Inna?"

"Inna ta rasu bara."

"Allah ya jiƙanta. Ban ji ba."

"Amin. Ba yadda za a yi ka ji."

Shekara arba'in yana ce min Kaɗo. Malam Mauden nan ya fi min zagi ciwo. Ya sa aka kawo min ruwa, na sha. Ban iya kewaye-kewaye ba, don haka na faɗa masa komai, tun daga zuwan Almustapha har ɗawisu. Yana ji yana murɗa igiyar harawa. Da na zo wurin durƙuson sai ya ɗan yi murmushi.

"Ashe bakin yana buɗewa."

Ya ajiye igiyar ya ci gaba.

"Ranar da aka ƙone rugarmu ina ganinka. Kana tsaye a gindin tsamiya da sanda. Ba ka kunna wuta ba, na sani. Ni kuma ina ta kallon bakinka. Na ce Maude ne, ba ya ɓoye magana, yanzu zai ce musu an kore min shanu tun watan jiya. Ina ta kallo har rumbu ya kama."

"Haliru, ni..."

"Ba tambaya na yi ba."

Ya tashi ya shiga cikin kangon. Na ji yana magana da matarsa da Fulatanci, muryarta ta ɗaga, tasa ba ta ɗaga ba. Ya daɗe. Da ya fito yana riƙe da zangarniya uku naɗe a tsumma. Kamu-biyu ne. Ko a cikin dubu zan gane shi.

"Inna ce ta zaro guda biyu daga wuta, ta ɓoye a zaninta. Ina zuba layi ɗaya a bayan katangar nan duk shekara. Shida na ajiye bana. Ga rabi."

Na miƙa hannu biyu na karɓa.

"A gidanmu ba mu hana iri," ya ce. "Ko wa ya zo. Don haka kada ka ɗauka wani abu ne."

"In Allah ya kai mu kaka zan kawo maka dami guda."

"Kada ka kawo."

"Haka ake yi ai. Wanda aka ba iri..."

"Na san yadda ake yi. Kakanka ya ba kakana, kakana ya mayar. Yau ma na mayar. Geronku ne, ya koma gidansa. Kada ka kawo komai, Malam Maude, kada kuma ka aiko."

Ya raka ni taku uku daidai, kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba, ya ce in gaida gida, ya koma kan harawarsa.

Ruwan farko na shuka. Irin ya cika kunyoyi ashirin da biyu a kusurwar filin, sauran na zuba wake. Ledar kamfani tana nan ban buɗe ba. Maƙwabtana dama da hagu duk geron kamfani suka shuka, kuma gero in ya yi bununi iska tana haɗa shi da na kusa. Ko abin da zan girba Kamu-biyu ne, ko wani abu ne daban mai kama da shi, sai shekara mai zuwa zan sani.

Yanzu ya fitar da kai, tsuntsaye sun fara sauka. Ba ni da gwangwanayen kora, sai na ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, na rataya gwangwanin shayin da mindar kakana a jikinsa, na rataya tawa a ɗaya gefen da wani murfin kwano. Tun hantsi nake zama a bakin kunya ina jan igiyar. Ta kakana tana ƙara sosai, in ta bugi gwangwani duk sai su tashi. Tawa ashe roba ce aka shafa wa fenti, ruwa biyu ya wanke zinariyar. Jiya da na iso na tarar da tsuntsu zaune a kanta.